Ƙarfen da autanmu bai kawo gida ba

A gidanmu da ke Birni, cikin Damagaram, ba a cewa mutum ya yi sana'a sai Baba ya riƙe aikinsa a hannu. Haka muka taso muka tarar, shi ma haka ya tarar wurin nasa mahaifin. Mu maƙeran fari ne, masu aikin azurfa da tagulla, zobe da munduwa da 'yan kunne. In yaro ya ƙera abinsa na farko shi kaɗai, sai ya kawo ya durƙusa. Baba ya karɓa, ya jujjuya, ya ji nauyinsa a tafin hannu, ya tofa addu'a, sannan ya ce Allah ya sa albarka a sana'ar. Daga ranar ka zama mutum a gidan. Kafin ranar kuwa, ko gemunka ya sauko ƙirji, mai koyo ne kai.

Har mu da ba mu bi ƙira ba, ba mu tsira ba. Wanmu da ya zama direba, babbar motarsa ta ƙi shiga lungunmu, sai da Baba ya taka har bakin titi ya dafa ta da zafinta. Ƙanwata tela riga ta kawo. Ni da na zama malamar lakkwal, wato makarantar boko, na rasa abin kawowa, sai na jawo wata 'yar maƙwabta da na koya wa karatu, ta tsaya gabansa tana rawar murya ta karanta rubutun da ke jikin kwalin shayi. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya dafa kanta, ya sa wa aikina albarka. Tun daga ranar yake kirana Madam, rabi girmamawa rabi tsiya.

Autanmu kaɗai ya rage. Shi Allah ya ba shi kan lissafi, ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya samu burs na karatu kyauta, ya haye Turai tun ban yi aure ba. Shekara ta bi shekara muna jin yana karatu, yana karatu, har na fara ce masa ko littattafan ƙasar ne ba sa ƙarewa. Sai wata rana ya kira a salula ya ce ya gama, ya samu aiki a wani babban labo, wurin binciken kimiyya. Baba ya tambaye shi wane irin aiki ne. Ina zaune a wurin, ni na riƙe musu salular. Auta ya nemi yadda zai faɗa, sai ya ce, "Baba, ai ni ma maƙeri ne. Sabon ƙarfe muke ƙerawa, irin wanda babu shi a cikin ƙasa."

Tabɗi. Ban taɓa ganin tsohon nan cikin farin ciki irin na ranar ba. Kafin magariba an ji a masallaci, kafin Alhamis an ji a kasuwa. Ya aika Mirya wurin magina aka yi masa sabon kaskon narki ɗan ƙarami, ya ajiye a saman shigifa ya hana kowa taɓawa. Ya ce sabon ƙarfe ba ya shiga tsohon kasko. Niyyarsa in auta ya kawo, ya ɗan gutsura ya ƙera wa Inna zobe.

Shekarar da auta ya zo hutun bakans, ciwon yana ya riga ya rufe wa Baba ido, sai dai ya bambanta haske da duhu. Ƙafafunsa sun kumbura, ya daina sauka maƙera. Babu wanda ya furta, amma dukkanmu mun san wannan zuwan ba lalle a ga wani bayansa ba, kuma ba a gani ba ɗin. Ni na je tarbarsa tashar kar, bas ɗin da ke zuwa daga Yamai. Tun a kan hanya ya ce mini abu ɗaya ya kawo shi, yana so ya ji Baba ya sa wa aikinsa albarka kamar yadda ya sa wa na kowa. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ina ƙarfen? Sai ya juya yana kallon duwatsun gari ta taga, yana cewa kai, Damagaram ta canza. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka gajiya ce.

Washegari da hantsi ya buɗe jaka a gaban Baba. Agogo, turare, takalmi mai taushi saboda kumburin, rigar sanyi. Baba yana karɓa yana shafawa yana godiya yana ajiyewa gefe, hannunsa kuma yana komawa a buɗe. Da jaka ta ƙare, hannun ya tsaya a nan shi kaɗai.

"Ina aikin?"

Auta ya ce ba abu ne da ake ɗaukowa ba. Baba ya tambaya ko nauyi ne ya yi yawa. A'a. Ko masu tsaron iyaka ne suka ƙwace? A'a. Ko tsada ce ta sa iyayen gidansa suka hana ko ɗan gutsure kamar ƙwayar gero? Auta ya ce ba haka ba ne, zai yi bayani, yana da hotuna a salula. Baba ya ce shi da hoto ai sun yi sallama. Sai ya ce a bari sai la'asar, kuma Madam ta zo ta zauna, don Hausar auta ta yi nauyi, yana so a samu mai warware masa.

Haka muka zauna a inuwar bishiyar bedin tsakar gida, mu uku. Auta ya samu tsinke yana zane a ƙasa, duk da ya san ɗayanmu ba ya gani, ɗayar kuma ganin ba zai amfane ta ba. Ya ce komai na duniya, ƙarfe ko ruwa ko iska, da ƙwayoyin zarra aka yi shi, ƙanana ƙwarai har ido ba ya kai musu. Kowace ƙwaya tana da dunƙule a tsakiya, kamar ƙwallo a cikin dabino, kuma yawan 'ya'yan da ke cikin dunƙulen shi ke sa wannan ya zama azurfa wancan ya zama dalma. Na dalma sun fi na azurfa yawa. Mafi yawa a cikin abin da ake haƙowa shi ne uraniyom, irin na Arlit. To daga nan abin da ke cikin ƙasa ya tsaya, su kuma aikinsu su wuce nan.

Baba ya gyaɗa kai ya ce ya gane, haɗi ne, kamar yadda ake zuba jan ƙarfe da tutiya a kasko ɗaya. Na ji daɗi, na ce to alhamdu lillahi an gama. Auta ya ce a'a. Wai wuta ba ta kai wa dunƙulen. In ka narka biyu, jan ƙarfe yana nan, tutiya tana nan, cakuɗuwa kawai suka yi. Su dunƙule biyu suke so su zama ɗaya, dunƙulen kuwa ba sa son juna, da sun matso sai su tunkuɗe juna. Don haka sai an jefa ɗaya a kan ɗaya da gudun da hankali ba ya ɗauka.

Nan ya shiga labarin injin. Wai girmansa ya fi gidanmu, da maganaɗisu waɗanda suka fi motar wanmu nauyi, an zuƙe iskar cikinsa kaf. Sai a ɗebo ƙwayoyin wani sinadari marar nauyi, irin wanda ke cikin alli da ƙashi, a saka. Kuran, wato wutar lantarki, yana ingiza su, maganaɗisu yana lanƙwasa musu hanya, suna zagayawa suna ƙara gudu, zagayen yana faɗi, har su kai inda ake so, sai a sake su su daki wani ɗan fallen ƙarfe mai nauyi wanda fatar albasa ta fi shi kauri. Fallen ma a jikin faifai yake mai juyawa, don kada ya ƙone.

Ni da aka kira in warware, wallahi tun a wajen dabino na ɓace. Da ya ambaci alli na ɗan farfaɗo, don alli dai na san shi, shi nake shaƙa kullum a gaban tablo. Na tambaye shi ko allin lakkwal yake nufi. Ya ce e kuma a'a. Ka ji fa! Mutum ya yi shekaru yana karatu ya dawo yana amsa tambaya da e kuma a'a. Baba ya juyo wajena yana jiran fassara, ni kuwa na ce masa wai jifa suke yi. Auta ya ce to, kusan haka ne.

Baba ya ce in an jefa sai ƙarfen ya taru ke nan. Auta ya ce mafi yawan jifan wucewa yake yi bai taɓa komai ba, wanda ya taɓa ma yakan fashe. Sai injin ya yi watanni yana aiki ba tsayawa, sannan wataƙila ƙwaya ɗaya ta kama.

"Ɗaya," in ji Baba.

"Ɗaya. Wani lokaci 'yan kaɗan."

"To ina kuke tara su?"

"Ba sa taruwa, Baba. Kafin ka ƙifta ido ta rushe, ta koma wani abu."

"Kai ka taɓa riƙe shi?"

"A'a."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Alamarsa muke gani. In ya rushe yana fitar da wani abu, na'ura ta kama, daga nan mu san ya wanzu."

Baba ya tambaya me ake yi da ƙarfen. Auta ya ce ba a yin komai da shi tukuna, ana so ne a san inda iyakar ƙarafa take, kuma akwai zaton can gaba za a tarar da waɗanda suke daɗewa. Na yi tsammanin Baba zai ɗauko zancen ko ya halatta a yi abin da Allah bai ajiye a ƙasa ba, don na ji wasu a unguwa suna gunagunin haka. Ko kusa. Wannan bai dame shi ba, shi da ya yi rayuwarsa yana mayar da tsofaffin kuɗin azurfa 'yan kunne. Kawai ya ce a kama shi ya tashi, magariba ta kusa.

Kwanakin da suka biyo baya ni na sha wahalarsu. Mutanen unguwa suna shigowa sannu da zuwa, kowa na ƙarewa da a nuna masa sabon ƙarfe, ni ce mai tare su a zaure in ce ana hutawa. Na ja auta gefe na ce ya kawo ko ƙusa ce daga jikin injin, ya ce ba shi ya ƙera ƙusar ba. Na ce to wane abu ne a duk wurin nan da hannunsa ya yi? Ya ce aikinsa a wajen na'urar da ke kama alamar yake, shi ke tantance ta gaske da ta ƙarya. Na ce to alamar fa, ba a nannaɗo ta a takarda? Ya yi dariya, dariyar da ta sa na ji kamar in kwaɗe shi da ludayi. Har na ce masa ya je kasuwa ya samo wani baƙon ƙarfe ya miƙa, tunda tsoho ba ya gani. Ya dube ni ya ce hannun Baba ai bai makance ba, kuma ko ya makance, albarkar da aka sa wa ƙarfen kasuwa ta mai ƙarfen ce, ba tasa ba. Sai na hau faɗa a kan ya bar kofin shayi a kan tabarma.

Wata safiya ina shirin fita, Baba ya kira ni ɗakinsa ya ce in sako labule. Ya tambaye ni, a cikin duk ayyukan masu boko da na sani, akwai wanda mutum zai yi shekaru yana yi, bai gani ba, bai taɓa ba, ba a sayarwa, ba a amfani da shi? Na fara cewa ai auta ya ce, sai ya ɗaga hannu.

"Ba abin da ya ce na tambaye ki ba, Madam. Ke kin gane?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Amma mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, ni ma ban iya yi masa ba. Na ce ban gane ba.

Ya sauke numfashi, ya ce dama ya sani. Ya ce ya ga irin wannan da yawa. Yaro ya tafi Libiya ko bakin teku, abu ya ƙi, kunya ta hana shi faɗa, sai ya dawo da agogo da turare da labari mai tsawo. In ka tambaye shi aikinsa sai ya yi ta zagaye. Ya ce auta yaro ne mai zuciya tun yana ƙarami, ba zai iya buɗe baki ya ce Baba ban samu ba, shi ya sa ya ƙago ƙarfen da ke ɓacewa kafin a gan shi. Babu fushi a muryarsa ko kaɗan. Tausayi ne zalla, kuma shi ya fi ci mini rai.

Na ce haba Baba, yaron nan fa Turawa ke kiransa dokta. Na ɗaga murya har Inna ta leƙo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce to in warware masa yadda ake ƙera abin da babu shi. Na buɗe baki, sai dabino da alli da fatar albasa suka cakuɗe mini, na rufe.

Abin haushi, daga nan ni ma shakka ta shige ni. Ina tsaye a aji ina rubutu a tablo, sai in tsinci kaina ina kallon allin hannuna ina cewa wai wannan ne za a jefa ya zama ƙarfe? Wata zuciyar ta ce ke Madam, ba duk abin da ba ki gane ba ne ƙarya, ai kuran ma ba ki taɓa ganinsa ba, sai dai ki ga fitila ta kama. Wata kuma ta ce fitilar dai kina ganinta. Rannan da yamma na tarar da auta yana taya Inna tsince shinkafa, na tsaya a kansa na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, yana da aiki ko ba shi da shi? Ya ɗago kai ya dube ni.

"Yaya, har ke?"

Ya mayar da kai ya ci gaba da tsintarsa. Na shiga ɗaki na yi kuka, kuma har yau ban san ko don shi na yi ba ko don kaina.

Baba kuwa bai zauna ba. Ya sa ɗan ƙanensa da ke riƙe da maƙera ya share kusurwar da shi kansa yake zama a da, aka gyara zuga-zugi, aka jera masaba da awartaki. Sannan ya kira auta, ya ce ya kama shi su sauka maƙera. Na bi su a baya. Ya sa hannun auta a kan uwar maƙera, ya gaya masa a hankali cewa wurin nan nasa ne duk ranar da ya so, babu wanda zai tambaye shi komai, babu wanda zai ji daga bakinsa. Ya ce koyon ƙira ba ya tsufa, kuma jini ne, wata biyu ya ishe shi ya fitar da zobe.

Auta ya fara yin 'yar dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar Baba sai dariyar ta tsaya. Ya sake ɗauko bayani daga farko, wannan karon da gero. Ya ɗebo a hannu yana watsawa jikin rariya, yana cewa ka ji, Baba, yawanci wucewa suke yi, ɗaya ce za ta maƙale. Baba yana cewa to, to, na ji, yana shafa masa baya kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Kaji suka taru suna tsince geron.

Ranar komawarsa kar ɗin safe zai bi. Bayan an karya kumallo ya ɗauko jakarsa ya ajiye a ƙofar ɗakin Baba, ya cire takalmi, ya shiga ya durƙusa. Ni da Inna muna tsaye a bakin ƙofa. Ya miƙa hannuwansa biyu a buɗe, babu komai a ciki, ya ce, "Baba, ka sa wa aikina albarka."

Baba ya laluba ya kama hannuwan, ya riƙe su ya daɗe. Ya yi masa addu'ar hanya, ta lafiya, ta tsari daga sharrin mutum da aljan, ta mace tagari. Ina ta jiran kalmar nan da na ji an faɗa wa wanmu a bakin titi, aka faɗa wa ƙanwata a kan riga, aka faɗa mini a kan kwalin shayi. Sai na ji ya sassauta murya don kada mu ji, amma muka ji.

"Allah ya ba ka abin yi, ɗana. Allah ya rufa maka asiri."

Auta ya ce amin, ya shafa, ya tashi ya sa takalminsa. Na raka shi tasha. Da kar zai tashi ya leƙo ta taga ya ce in riƙa kula da ƙafafun Baba, in sa ya riƙa ɗora su a kan matashi.

Na dawo gida na tarar da Baba zaune inda muka bar shi. Ya ji tafiyata ya ce Madam ce? Na ce ni ce. Ya tambaya ko motar ta tashi lafiya, na ce ta tashi. Sai ya yafito ni, na matso, ya kama gefen mayafina.

"Maganar nan ta tsaya tsakaninmu," ya ce. "Duk wanda ya tambaye ki a unguwa, ki ci gaba da ce masa ƙarfe yake ƙerawa."